Ɓeran Keji da Ɓeran Rumbu

Duk mai wayar hannu da ɗan kuɗin data a Baure, ko Babban Mutum, ko Zango, yana iya cin karo da irin bidiyon nan: yarinya a Ingila ko Amurka zaune a kan gado, farin ɓera yana hawa kafaɗarta, ta miƙa masa yankan ayaba ya riƙe da hannu biyu kamar jariri, ta kira sunansa ya taho a guje. A ƙarƙashin hoton akwai dogon bayani ga masu son farawa: kejin da za a saya, abincin da za a ba shi, da dalilin da ya sa ba a ajiye guda ɗaya tilo. Babba yakan kalla ya yi tsaki ya wuce. Yaro yakan kalla sau uku, sannan ya tunkari mahaifinsa da roƙo.

Amsar da ta dace da roƙon nan ita ce a'a, kuma gara ta fito daga bakin uban da ya san dalili. Ajiye ɓera a matsayin abin sha'awa a ƙasar Daura ganganci ne ta fuskar lafiya, cuta ce ga dabbar kanta, kuma addinin mutanen yankin bai yi masa masauki ba. Sai dai masu tsaki kada su yi saurin murna. Gidaje da dama da za su yi wa Bature dariya kan ɓeransa guda biyu na cikin keji suna ciyar da ɓeraye hamsin a rumbu da madafa, kuma nasu ne ke kisa.

Asalin ɓeran da ake gani a waya

Ɓeran da Turawa ke kiwo jikan ɓeran magudanar ruwa ne, wanda masana ke kira Rattus norvegicus. A Landan ta ƙarni na 19 akwai caca da ake yi ta sakin kare cikin rami cike da ɓeraye, ana ƙirga nawa zai kashe cikin minti kaza. Masu kamo ɓerayen, irin su Jack Black wanda ke kiran kansa mai kama ɓeran Sarauniya Biktoriya, sukan ware masu launi na daban, farare da masu dabbare-dabbare, su hayayyafa su, su sayar wa matan masu hali. A 1901 wata mata mai suna Mary Douglas ta kai ɓeranta wurin baje kolin dabbobi a Ingila, ya kuwa ci kyauta. A 1906 cibiyar bincike ta Wistar da ke Filadelfiya ta fara samar da farin ɓeran gwaji wanda har yau ake kiran irinsa da sunanta, kuma duk wanda ya karanta haɗa magunguna ko kimiyyar jikin ɗan Adam a Zariya ko Kano ya san shi. A 1976 masu kiwon ɓera a Birtaniya suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa.

Ke nan fiye da shekara 150 aka shafe ana zaɓar mai sanyin hali ana zubar da mai cizo. Gaskiya kuma a faɗe ta: dabbar tana da wayo, tana gane mai ita, tana koyon dabaru, tana yawan lasar jikinta kamar kyanwa. Mai cewa ƙazanta ce kawai bai san ta ba.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne rumfar da dabbar ke zaune a ƙarƙashinta. Akwai mai hayayyafar da ya san uwa da kakar kowane ɓera. Akwai likitan dabbobi a unguwa wanda ya saba yi wa halitta mai nauyin rabin kilo aiki. Akwai ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. A Ingila akwai dokar walwalar dabbobi ta 2006 da ta ɗora wa mai dabba alhakin muhallinta, da abincinta, da lafiyarta, da abokan zamanta. Wanda ya sayo ɓera a Baure ya sayo dabbar ce kaɗai, rumfar kuwa tana can inda aka baro ta.

Nauyin da mai farawa zai ɗauka

A fara da zafi. Ɓera ba ya gumi, ba ya kuma haki yadda kare ke yi don ya huce. Wutsiyarsa ce ke taimaka masa wajen fitar da zafin jiki. Ɗakunan bincike sukan ajiye shi tsakanin digiri 20 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar an haura 30 ya shiga wahala. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Daura yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi waje turiri. Ɓeran daji yana tsira ne saboda yana da rami mai sanyi, kuma sai dare yake fita. Na keji ba shi da inda zai gudu. Ma'aikacin da ke da na'urar sanyaya ɗaki zai ce wannan bai shafe shi ba, sai ranar da wuta ta ɗauke da azahar, janareta babu mai, shi kuma yana ofis a Katsina.

Sai hunturu. Ciwon da ya fi addabar ɓerayen gida shi ne na numfashi, domin kusan dukkansu suna ɗauke da wata ƙwayar cuta a hanci da huhu tun daga haihuwa, wadda ƙura da warin fitsari ke tayar da ita. Watanni uku na hazo sun ishe ta. Ga kuma al'adar fesa fiya-fiya da kunna maganin sauro a rufe ɗaki da magariba. Abin da ke kashe sauro a rufaffen ɗaki ba zai bar huhun dabba mai girman tafin hannu lafiya ba.

Sai haihuwa. Masana sun haɗu a kan cewa ɓera dabbar taro ce, wanda aka ajiye shi kaɗai yakan lalace, saboda haka biyu ne mafi ƙaranci, kuma jinsi ɗaya. Mai farawa da ya kasa bambance mace da namiji tun suna ƙanana ya shiga uku. Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana da mako biyar zuwa shida, cikin kwana 21 zuwa 23 ne, takan haifi shida zuwa goma sha biyu, kuma tana iya sake ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. A Landan akwai gidajen da ke karɓar dabbobin da aka rasa yadda za a yi da su. A Baure, ragowar bayan gida za a saka, kuma daga nan rumbun maƙwabci ne zango na gaba.

Sai jinya. Ɓeran gida shekara biyu zuwa uku yake yi, kuma mata da yawa sukan fitar da ƙari a mama kafin su kai ƙarshe. Asibitocin dabbobi na karkara an gina su ne don shanu, da tumaki, da awaki, da kaji, kuma haka ya dace, domin su ne dukiyar jama'a. Mai neman wanda zai yi wa ɓera tiyata sai ya kama hanyar asibitin koyarwa na jami'a, a Zariya ko Sakkwato. Wanda ba zai yi wannan tafiya ba, kuma kusan babu mai yi, zai zuba ido ne dabbar ta ruɓe a gaban yaron da aka ce ana koya wa tausayi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tun farko ma, a ina za a samo shi? Fararen ɓerayen da ake hayayyafarwa a arewacin Najeriya na ɗakunan gwaji ne, an tanade su don bincike, kuma wanda ya fito daga can ta bayan fage babu mai iya rantsuwa kan abin da aka ɗura masa. Na hannun mai talla a kasuwa kuwa ba shi da tarihi ko kaɗan.

Keji katin gayyata ne

Babbar hujjar ta wuce walwalar dabba, ta taɓa ran mutum. A 1969, a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan ta kamu da zazzaɓin da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos ta rasu, wadda ta yi jinyarta ma ta bi ta, ta ukun aka ɗauke ta zuwa Amurka ta tsira. A 1970 likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu lokacin da take binciken gawa, ita ma ta rasu. Bayan 'yan shekaru masu bincike a Saliyo suka gano inda ƙwayar cutar ke kwana: jikin wani ƙaramin ɓera mai nonuwa da yawa, Mastomys natalensis, wanda ke ko'ina a Afirka kudu da Sahara, yana kai-kawo tsakanin gona da gida. Shi cutar ba ta kayar da shi, sai dai yana zubar da ita a fitsari da kashi, a kan hatsi, a bakin tulu, a cikin kwanon da aka bari a buɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa jin komai ko kuma ciwon yakan zo da sauƙi. Ragowar su ne abin tsoro: daga cikin waɗanda ciwon ya kai su gadon asibiti, kimanin 15 cikin 100 sukan mutu, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na waɗanda suka warke sukan sami matsalar ji, mai tsohon ciki kuwa sau da yawa ita da abin da ke cikinta ake rasawa. Farkonsa bai bambanta da zazzaɓin cizon sauro ko taifot ba, shi ya sa ake ɓata kwanaki a kemis. Har yanzu babu allurar rigakafin da aka amince da ita. Jihohin Ondo, Edo da Bauci ne suka fi yawan masu kamuwa, amma Katsina ta sha shiga jerin hukumar NCDC, kuma a watan Janairun 2020 cutar ta kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Lokacinta rani ne, daga Disamba zuwa Afrilu, wato daidai lokacin da gonaki suka bushe, amfanin gona ya dawo gida, ɓera ya biyo shi.

Mai kare ɓeran keji zai ce nasa wani jinsi ne daban, ba shi ke ɗaukar Lassa ba. Gaskiya ne, amma bai warware komai ba. Kejin ɓera wuri ne da ake zuba hatsi da gyaɗa kullum, dabbar tana watsar da rabi a ƙasa, ga kwanon ruwa, ga ɗumi, kuma yawanci a ɗakin da yara ke kwana. Babu abin da ɓeran gona ke nema a watan Fabrairu da ya wuce wannan. Zai zo cikin dare ya ci, ya yi fitsari a kan dusar katakon da yaro zai kwashe da hannu da safe. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mai gidan kuma ya ɗaure hannun kansa: ba zai iya ajiye kyanwa ba, ba zai iya zuba magani ba, don kada abin ƙaunarsa ya mutu. Gidan da ya fi kowane buƙatar yaƙi da ɓera ya zama gidan da ya ajiye makamai.

Ko a ƙasashen da ke da dukkan kariyar nan, ɓeran keji bai zama wankakke ba. A 2017 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi sawun wata ƙwayar cuta mai taɓa ƙoda, wadda ake kira da sunan birnin Seoul, zuwa wuraren kiwon ɓera 31 a jihohi 11, kuma ta tabbatar da mutum 17 sun kamu. Akwai kuma zazzaɓin cizon ɓera, wanda ƙwayoyinsa ke zaune a bakin ɓera mai lafiya, yana iya kisa idan ba a gane shi da wuri ba. Abin lura shi ne can an gano, an bi sawu gida-gida, an gwada jini. Yaron da ya zo asibitin ƙauye da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, maganin maleriya za a fara ba shi.

Gafiya, tsira da na bakinki

Akwai wata siga ta wannan sha'awa da ta fi kusa da gida, ta kuma fi haɗari: yaro ya haƙo ɗan gafiya a gona ya ce zai rene ta. Mai ilimin zamani ma yana iya mara masa baya, domin ya karanta labarin ƙungiyar APOPO, wadda wani ɗan Beljiyam, Bart Weetjens, ya kafa a 1997, take horar da gafiyoyi a Morogoro ta Tanzaniya su shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka a cikin majina. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya gano nakiyoyi 71 da wasu abubuwan fashewa 38 a Kambodiya, aka rataya masa lambar zinare a 2020. Abin alfahari ne ga dabbar da Bahaushe bai ɗauke ta a bakin komai ba sai nama da ɓarna.

Sai dai gafiyoyin Morogoro a cibiya aka haife su, ana saba musu da hannun mutum tun suna 'yan makonni, horonsu yakan kai kusan shekara, likita na duba su, kuma da sanyin safiya kaɗai suke aiki saboda zafi. Ma'aikata ne masu albashin ayaba da gyaɗa. Labarin gafiyar da aka kamo daga daji aka kai ɗaki shi ne na 2003: an yi jigilar ƙananan dabbobi kusan 800 daga Gana zuwa jihar Texas, cikinsu har da gafiyoyi, aka ajiye wasu kusa da wasu dabbobin Amurka masu kama da kurege da ake sayarwa don sha'awa. Sakamakon shi ne ɓullar ƙyandar biri karo na farko a wajen Afirka, mutum 47 a jihohi shida. A shekarar Amurka ta haramta shigo da dangin ɓera daga Afirka. Ƙasar da ke da asibitocin da kowa ke sha'awa ta rufe ƙofarta ga dabbar da wani ke son ɗansa ya kwana da ita.

Abin da addini ya ce

Wannan fage ne na malamai, amma nassoshin sanannu ne ga duk wanda ya zauna a makarantar zaure. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, an lissafa ɓera cikin halittu biyar masu ɓarna da aka halatta kashewa ko a cikin Harami, tare da kunama, da shirwa, da hankaka, da kare mai cizo. A wani hadisin an yi umarni da kashe fitila kafin barci, saboda ɓera yakan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. A wani kuma an yi bayanin yadda za a yi da man shanun da ɓera ya faɗa ya mutu a ciki. Daga nan ne malaman fiƙihu da dama suka fahimci cewa abin da aka ba da izinin kashewa saboda cutarwarsa ba a ajiye shi don ado.

Musulunci bai ƙi dabbar gida ba. Ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tambaye shi labarinsa. Sahabin da ya fi kowa ruwayar hadisi da kyanwa aka yi masa alkunya. Amma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, ya kafa ƙa'ida: wanda ya kulle rai ya ɗauki amanarsa. Mai ajiye dabbar da ya san zafin garinsa zai kashe ta, kuma ya san ba shi da mai yi mata magani, sai ya auna kansa da wannan ma'auni.

Uzurori uku

Na farko: kuɗina ne, gidana ne. Haka ne, da ɓera yana sanin iyakar gida. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, don haka dole ya yi ta gaigaya, kuma katako da roba ba sa tsare shi. Gidan Bahaushe kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da maƙwabci, yara suna shiga ko'ina, kwanon tuwo yana yawo gida uku. Lardin Alberta na Kanada, inda noman hatsi ke da muhimmanci kamar yadda gero yake a Baure, ya fara yaƙi da ɓera tun 1950, kuma har yau laifi ne mutum ya ajiye shi ko a keji. Manoman can sun gane cewa sha'awar mutum ɗaya ba ta kai rumbun jama'a ba.

Na biyu: kare da kyanwa da kaji ma suna ɗauke da cuta. Suna ɗauke da ita, amma kowanne yana biyan kuɗin zamansa. Kare yana gadi, kyanwa tana kama ɓera, kaza tana ƙwai, kuma akwai allurar haukan kare da ta cututtukan kaji, akwai ma'aikatan da suka san su. Haɗarin da ke da riba kuma ke da magani daban yake da haɗarin da aka sayo don ɗaukar hoto.

Na uku: yaro zai koyi tausayi da ɗaukar nauyi. Manufa ce mai kyau, kuma ba a rasa hanyarta ba tun kafin a ƙera waya.

Ga masu dariya

A watan Agustan 2017, bayan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya dawo daga jinyar fiye da kwana 100 a Landan, mai magana da yawunsa Garba Shehu ya shaida wa 'yan jarida cewa shugaban zai yi aiki daga gida domin ɓeraye sun lalata kujeru da na'urorin sanyaya ofishinsa. Ƙasa ta yi mako guda tana raha. Ko an yarda da bayanin ko ba a yarda ba, abin da ya sa ya shiga kunne shi ne kowa ya san ofishin da ɓera ya cinye fayil, da shagon da ya huda buhu, da ɗakin marasa lafiya da yake tsallaka ƙafafun majinyata cikin dare.

Wannan shi ne kiwon ɓeran da ake yi da gaske, kuma babu mai kiransa da sunansa. Shanyar rogo, da barkono, da hatsi a gefen kwalta, a bar su su kwana. Juji a jikin katangar madafa. Buhunan gero da wake a ƙasa, jingine da bango, a ɗakin da ake kwana. Ragowar tuwo a buɗe har safiya, a ɗumama a ba yara. Tulu babu murfi. Kakanni sun fi jikokinsu dabara a nan: rumbun gargajiya a kan duwatsu ake ɗora shi, a nesa da ɗakin kwana, bakinsa a sama kuma a liƙe. Jikan da ya yi digiri ya rushe rumbu ya gina sito na bulo mai ƙofa da tazarar yatsa uku daga daɓe.

In an tashi yaƙin ma, da mugun makami ake yinsa. Shinkafar ɓera ana sayar da ita a faranti a kasuwa, babu suna, babu gargaɗi, a ƙulle a leda kamar gishiri, kuma shafukan jaridun arewa sun sha ɗaukar labarin rayukan mutanen da ta ci, da gangan ko bisa kuskure. Samari sukan cinna wa daji wuta don farautar gafiya, su ƙone ciyawar dabbobi da ƙananan itatuwa a yankin da hamada ke matsowa. Yara sukan kama ɓera su zuba masa fetur su kunna, manya na kallo, alhali addinin da ya halatta kashe shi ya yi umarni da kyautata kisa, ya kuma hana azabtarwa da wuta. Wanda ke yin waɗannan ba shi da bakin yi wa yarinyar Landan dariya. Ita aƙalla ta san adadin nata.

Abin da za a ba yaron

Uban da ya ce a'a yana da abin da zai miƙa a madadi. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin ɓeran Masar, wanda sunansa ya zalunce shi sau biyu: asalinsa tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, inda aka shafe dubban shekaru ana kiwonsa, kuma danginsa da ɓeran gida na nesa ne. Ciyawa da ganye yake ci, ba ya hawa bango, ba ya cika cizo, cikinsa yakan kai wata biyu da 'yan kwanaki, 'ya'yansa ba su cika wuce huɗu ba, yana kuma iya yin shekara biyar zuwa bakwai. Shi ma yana da sharuɗɗa: zafi yana kashe shi, don haka akurkinsa na ƙasa ne, a inuwa, a tsakar gida, ba a ɗakin kwana ba, jikinsa ba ya haɗa sinadarin bitamin C, don haka sai da ɗanyen ganye kullum, ragowar abinci a kwashe kafin dare, hannu a wanke da sabulu bayan an taɓa shi. Akwai zomo, akwai tattabara wadda yaran Hausa suka gaji kiwonta, akwai 'yar akuya da yarinya za ta rena har ta zama jarinta. Duk waɗannan akwai mai sayarwa da aka sani, akwai dattijo a unguwa da ya san ciwonsu, akwai kasuwar da za ta karɓi ragowar idan sun yi yawa.

Ga gidan da ke son dabbar da za ta shiga ɗaki kuwa, kyanwa tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye ta cikin shawarwarin rage haɗarin Lassa, tare da zuba hatsi a mazubin da ɓera ba ya iya hudawa da kuma nisantar da shara daga gida. Durom na ƙarfe mai murfi, ragar waya a tagar sito, siminti a bakin rami, katako a ƙarƙashin buhu: kuɗinsu bai kai na keji mai hawa uku ba.

Sauran aikin na masu faɗa a ji ne. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura, Baure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu, suna da sassan lafiya da duba-gari, suna da hakimai da dagatai da limamai waɗanda maganarsu ke isa kowane zaure. Kafin kowane rani ya kamata a ji su kan shanyar gefen titi, da jujin kasuwa, da gubar da ake sayarwa a faranti. Malamin makaranta, da ma'aikacin jinya, da injiniyan da ke zuwa gida hutun Sallah kuwa, kafin ya tsaya muhawara kan abin da Bature ke ajiyewa a kejinsa, ya ɗauki tocila ya leƙa bayan buhunan da ke ɗakin mahaifiyarsa.